Babbar mota a Magarya da Dungas: ta fetur ko ta kuran?

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin hanyar da ta taso daga Damagaram ta ratsa Bande ta shiga Magarya, ya san irin motar da mutane ke ɗaga kai su kalla. Ita ce babbar kat-kat mai tsayi, mai baƙin gilashi, wadda jama'a suka laƙaba wa suna V8 ko da injinta ba shi ba ne. Ita ce motar perefe da ta sarki, ita ce ta babban Alhajin da ke safarar riɗi da wake da dabbobi, ita ce kuma ta ƙungiyoyin agaji. Shekara da shekaru, mai niyyar sayen irin wannan mota ba ya da wata tambaya sai guda biyu: mai shan fetur ko mai shan gazuwal, sabuwa ko wadda aka hau. Yanzu tambaya ta uku ta shigo, domin masana'antun duniya sun fara ƙera manyan motocin alfarma waɗanda ba su shan mai ko ɗigo, sai kuran da aka tara cikin batiri. Ƴan kasuwar da ke zuwa Dubai da ƙasar Sin suna ganinsu, matasa suna ganin hotunansu cikin waya, magana kuma ta iso majalisun hira.

Ba maganar masu kuɗi kaɗai ba ce. Da yawa daga cikin waɗannan motoci da kuɗin ƙasa ko na taimako ake sayensu, kuma man da suke sha da kuran da za su sha duk daga rumbu ɗaya ake ɗibarsu da na talaka.

Ƙasar da motar za ta taka

Magarya tana kudu da Damagaram, tafiyar da ba ta cika kilomita 100 ba, a kan kwalta. Daga nan hanya ta zarce Tinkim, bakin iyaka, ta faɗa Babura cikin jihar Jigawa ta Najeriya. Dungas tana gabas da Magarya da kimanin kilomita 50. A da yanki ce na Magarya, sai a 2011 aka mai da ita gunduma mai cin gashin kanta, tare da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum 577,743 a gundumar Magarya, 353,867 a ta Dungas. Wato mutane fiye da dubu ɗari tara, kuma tun daga lokacin sun ƙaru ƙwarai. Wannan yanki yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar Nijar, gari na kallon gari, gona na haɗe da gona, itatuwan gawo sun rufe ko'ina.

Amma fa kwalta kaɗan ce. Da zarar mota ta sauka daga babbar hanya don ta nufi ƙauyukan Yekuwa ko Kwaya ko Malawa, sai rairayi mai laushi, wanda amalanken shanu suka tona har ya yi kwari biyu da tudu a tsakiya. Da damina kuwa, kwarin Korama da tafkunansa sukan cika, hanya ta yanke, direba ya tsaya yana auna ruwa da sanda. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40. Da hunturu ƙura ce ke shiga kowace kafa. Motar da aka gwada a titunan Jamus, nan ne za ta ba da amsa.

Tsofaffi suna tune da yadda motoci suka gaji juna a wannan ƙasa. Akwai Land Rover ta kwamandan. Akwai Peugeot 404 mai rumfa ta zamanin cinikin gyaɗa, lokacin da kamfanin SONARA ke saye, masana'antar SEPANI kuma ke matse man gyaɗa a Magarya. Bayan an buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna a 1975, sai 504 ta cika hanyoyi. Daga baya Toyota Land Cruiser, wadda asalinta ya faro tun 1951 a Japan, ta kore su duka daga cikin rairayi. Ba kyawunta ne ya ba ta wannan matsayi ba. Ta samu ne domin ko'ina ta tsaya akwai wanda ya san cikinta, kuma kayan gyaranta suna nan a Damagaram, in an rasa a aika Kano.

Labarin fetur a bakin iyaka

A nan dole a tsaya kaɗan, domin abin da ya sa ake ma tunanin wata mota dabam yana cikin labarin mai.

Tsawon shekaru da dama, yankin Magarya da Dungas man Najeriya yake sha. Gwamnatin Najeriya tana biyan tallafi, farashi yana ƙasa, sai ƴan ruwa-ruwa su ɗauko shi cikin jarkoki a kan babura, su bi ta hanyoyin daji daga wajen Babura da Maigatari, a jera shi cikin kwalabe a bakin hanya. Haram ne ga doka, amma dubban gidaje da shi suke ci, kuma da shi kabu-kabu da injinan niƙa da na ban ruwa suke aiki. Ko buɗe matatar SORAZ a arewa da Damagaram, ranar 28 ga Nuwamba 2011, bai kashe wannan sana'a ba. Matatar tana tace ganga 20,000 a kowace rana na ɗanyen man da ake turowa daga Agadem, kamfanin CNPC na ƙasar Sin yana da kashi 60 cikin ɗari, gwamnatin Nijar tana da 40. An daɗe ana sayar da litar fetur sefa 540 a gidan mai, amma na kwalba ya fi araha, shi ya sa mutane suka ci gaba da sayensa.

Ranar 29 ga Mayu 2023, sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafi. Litar da ba ta kai Naira 200 ba ta ninka kusan sau uku cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura Naira 1,000. Ruwa-ruwa ya ƙafe. Masu motoci da babura da suka saba da kwalba suka komo gidan mai, nauyin ƙasa duka ya dawo kan SONIDEP da matata guda ɗaya. A watan Yuli 2024 hukuma ta sauke farashin fetur zuwa sefa 499, gazuwal kuma daga 668 zuwa 618. Talaka ya ji daɗi, amma buƙata ta fi ƙarfin abin da ake tacewa. A watan Maris 2025 aka shiga ƙarancin fetur mai tsanani, layuka suka yi tsawo a Yamai da sauran manyan garuruwa, har sai da aka nemo tankokin mai daga Najeriya.

To wanda ya kwana a layi da motar miliyoyin sefa, yana da hujjar tambaya ko akwai wata hanya.

Mece ce motar kuran?

Motar fetur tana ƙona mai cikin inji, zafin ya tura ƙarafa, ƙarafan su juya ƙafafu. Mafi yawan ƙarfin man a zafi da hayaƙi yake salwanta, abin da ke isa ga ƙafafu bai fi kashi ɗaya cikin uku ba, sau da yawa ma bai kai ba. Motar kuran kuwa batiri ne babba shimfiɗe a ƙarƙashinta, irin na wayar hannu amma an ninka shi sau dubbai, yana ba injinan lantarki wuta su juya ƙafafu kai tsaye. Ba ta da buji, ba ta da salansa, ba a yi mata juyen man inji. Ba ta ƙara, ba ta hayaƙi, kuma ƙarfinta yana fitowa nan take da an taka.

Ana auna cikin batiri da kilowat-awa. Kilowat-awa ɗaya shi ne kuran da fitilu goma masu wat 100 za su sha cikin awa guda. Shi ne kuma abin da NIGELEC ke lissafawa a takardar biyan kuɗin wuta.

A duniya abin ya yi nisa. A 2024 an sayar da motocin lantarki fiye da miliyan 17, wato fiye da mota ɗaya cikin kowace biyar da aka saya sabuwa, kuma mafi yawansu a ƙasar Sin. A Norwe, kusan tara cikin goma na sababbin motocin wannan shekara na batiri ne zalla. A Afirka ma, ƙasar Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da gazuwal tun farkon 2024. Sai dai a lura da abin da Habasha ta dogara da shi: babban dam ɗin da ta gina a kan kogin Nilu, wanda aka ƙaddamar a Satumba 2025, yana iya ba da fiye da megawat 5,000. Ƙasa ce mai kuran da yawa, marar man fetur. Nijar akasin haka take.

Cikin manyan motocin alfarma, wadda ta fi dacewa a gwada da Land Cruiser ita ce Mercedes G 580 mai batiri, wadda aka fito da ita a 2024. An gina ta ne don daji. Kowace ƙafa tana da injinta, huɗu ke nan. Batirinta yana ɗaukar kilowat-awa 116, masu ita kuma sun ce tana cin kimanin kilomita 470 kafin ta nemi caji. Tana iya ratsa ruwa mai zurfin santimita 85, alhali sabuwar Land Cruiser 300, wadda ta gaji V8 a 2021, iyakarta 70, domin motar kuran ba ta da hancin shaƙar iska da ruwa zai shiga. Direban da ya san Korama da damina ba zai raina wannan ba. Akwai kuma BMW iX da Tesla Model X, da motocin kamfanin BYD na Sin, amma waɗannan sun fi son kwalta.

Lissafi a kan takarda

In aka ɗauki alƙalami, motar kuran ce ke cin nasara da farko. Babbar kat-kat mai fetur takan sha kimanin lita 15 a kilomita 100 a kan kwalta. A farashin 499, kuɗin ya kama kusan sefa 7,500. Takwararta ta batiri takan sha kimanin kilowat-awa 30 a wannan tafiya. In aka ƙaddara kilowat-awa ɗaya a kan sefa 100 don sauƙin lissafi, sefa 3,000 ke nan. Rarar ta kai 4,500 a kowane kilomita 100. Wanda ke yin kilomita 20,000 a shekara zai adana sefa 900,000, ban da kuɗin juye da matatun mai.

Kuɗi ne mai kauri ga malamin makaranta. Ga mai sayen irin wannan mota kuwa, ba shi ne abin dubawa ba. Farashin G 580 a Jamus lokacin fitowarta ya wuce Yuro 140,000, wato fiye da sefa miliyan 90, tun ba a yi maganar jirgin ruwa da duwan ba. Hanyar shigowa ma ta ƙara tsawo: bayan rufe gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya a 2023, kayan da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Ko an yi shekara goma ana tara rarar mai, ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sayen motar ba.

Kuma lissafin ya ginu ne a kan cewa kuran yana nan. Nan ne gizo ke saƙar.

Ina za a sa ta caji?

Kafar wuta ta gida, irin wadda ake sa firji ko dutsen guga, ba ta ba da fiye da kilowat biyu da ɗoriya. Batiri mai ɗaukar 116 zai buƙaci kusan awa 50 kafin ya cika, wato kwana biyu da wani abu, ba tare da an ɗauke wuta ko sau ɗaya ba. Gidaje da yawa kontarsu ta kilowat 3 ce ko 6. In mota ta kama rabin wannan, sai a zaɓa tsakaninta da na'urar sanyaya ɗaki. Wanda ya jawo layi mai ƙarfi ya kafa akwatin caji na kilowat 11 zai cika ta cikin dare ɗaya, daga isha'i zuwa hantsi. Manyan tashoshin caji da ke cika mota cikin rabin awa a Turai da Sin, kowace ɗaya tana jan kuran da ya isa unguwa guda.

Kuran kansa daga ina? Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rarrabawa daga Najeriya take zuwa. Yankin Maraɗi da Damagaram yana rataye da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. Bayan canjin mulki na 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta saka takunkumi, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta, ba a maido da ita ba sai a Maris 2024. Wata bakwai ana rabon wuta unguwa-unguwa. Darasin a fili yake: mai gudun layin fetur da ya koma ga kuran bai tsere wa iyaka ba, ya sauya igiyar da aka ɗaure shi da ita ne kawai. Fetur ma dai ana tace shi a jahar Damagaram.

Wani zai ce ai akwai janareta. Akwai. Sai dai janareta mai kyau takan ba da kimanin kilowat-awa 3 daga litar gazuwal ɗaya. Don a sami 30 ɗin da motar za ta ci a kilomita 100, sai an ƙona lita 10. Wannan daidai yake da abin da Land Cruiser mai gazuwal ke sha a kan hanya. An sayi mota marar hayaƙi, an mai da hayaƙin bayan gida.

Rana ce amsar da ta fi ƙarfi, kuma Allah ya hore wa wannan ƙasa ita. A yankin Damagaram, faifan hasken rana na kilowat ɗaya yakan tara kusan kilowat-awa 5 a yini. Mutumin da tafiyarsa ba ta wuce kilomita 50 a rana ba, daga gida zuwa ofis, zuwa kasuwa, zuwa gona, yana buƙatar kilowat-awa 15. Faifai bakwai ko takwas masu wat 500 sun ishe shi, in dai ana share musu ƙura, kuma motar tana tsaye a gida da rana tsaka. Wannan ba mafarki ba ne. Faifan da ke tayar da famfon ban ruwa a fadamun rake na Bande da Waca irinsu ne. Amma wanda ke son ya cika batirin duka cikin yini ɗaya don ya yi doguwar tafiya gobe, sai ya shimfiɗa faifai kusan hamsin.

Doguwar tafiyar kuwa ita ce dalilin sayen babbar mota. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Land Cruiser mai tanki biyu tana ɗaukar lita 110, ta tsaya sau ɗaya a Maraɗi ko Birnin Ƙonni, minti biyar ta wuce. In ana shakka a ɗora jarka a baya. Motar batiri ba ta da jarka. Kilomita 470 da aka rubuta mata, a kan hanya mai santsi aka auna, cikin iska mai daɗi. In aka kunna sanyi da zafin Afrilu, aka cika ta da mutane da kaya, aka shiga rairayi, lissafin zai ragu sosai, kamar dai yadda ta fetur ke tashi daga lita 15 zuwa 20 da ɗoriya a cikin yashi. Bambancin shi ne, wadda fetur ya ƙare wa a dajin Dogo-Dogo yaro zai kawo mata galan a kan babur. Wadda batiri ya ƙare wa sai an ɗauko ta.

Nauyi, zafi da makaniki

Ɗaukar ma ba wasa ba ce. G 580 ta haura tan uku, ta fi Land Cruiser da kusan rabin tan, saboda nauyin batiri. A cikin rairayi nauyi abokin gaba ne, kuma yana cin taya da sauri. Ƴan ƙauye da suka saba tura motar baƙi in ta kafe za su ji bambanci a kafaɗunsu.

Batirin litiyom yana son yanayi matsakaici, tsakanin digiri 15 da 35. Zafin da ya wuce haka yana tsufar da shi da wuri, musamman in an bar shi cike taf a cikin rana. Manyan motoci suna da na'urar sanyaya batiri, amma ita ma daga cikinsa take ci. Masana'antu sukan ba da lamunin shekara takwas ko kilomita 160,000, sai dai lamuni yana aiki ne inda kamfanin ke da wakili da garejin da ya amince da shi. Wanda ya sayo motarsa daga Dubai da kansa, takardar lamunin ado ce kawai. Toyota tana da wakilinta, CFAO, a Yamai, ga kuma ɗaruruwan makanikai da suka koyi aikinta tun suna yara. Motar kuran ba ta yawan lalacewa, gaskiya ne, amma ran da ta lalace ba aikin guduma da sufana ba ne. Wutar da ke cikinta ta kai bolt 400, wasu ma 800, tana iya kashe wanda ya taɓa ba da sani ba.

Adalci ya sa a faɗi cewa sabuwar motar fetur ma ba irin ta da ba ce. Land Cruiser 300 ta bar injin V8, ta koma mai tukwane shida da turbo biyu, cike take da kwamfuta, kuma ba ta jure man kwalba mai datti ko ruwa yadda tsofaffin suke jurewa. Makanikin da ba ya da na'urar karanta cutar mota, ita ma kallonta kawai zai yi. Zamanin gyara da kunne yana wucewa ta kowace fuska.

Akwai kuma abin da ƴan kasuwa suka fi kowa sani. A wannan yanki Land Cruiser ajiya ce, kamar garken shanu. In buƙata ta taso, cikin mako guda za a sami mai saye a Damagaram ko Agadas ko Kano. Motar batirin da ta yi shekara shida, mai saye zai fara tambayar sauran ƙarfin batirinta, domin sauya shi miliyoyin sefa ne, kuma babu wanda zai auna masa a kasuwa.

Kuran na wa?

Ga ma'aikatan hukuma da masu tsara kasafi, akwai wani ma'auni da ya wuce aljihun mutum ɗaya. A Nijar, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wutar lantarki a gidansa, a karkara kuwa abin ya yi ƙasa da haka nesa. Ƙididdigar Bankin Duniya ta 2014 ta nuna cewa in aka raba kuran da ƙasar ke sha a kan jama'arta, kowane mutum kimanin kilowat-awa 50 yake samu a shekara. Ke nan cika batirin babbar mota sau ɗaya ya fi rabon mutum biyu na shekara guda.

A asibitin Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki tun 2005, sashen yara yakan cika maƙil a lokacin da zazzaɓin cizon sauro da tamowa suka haɗu, tsakanin Agusta da Oktoba. A 2018 yaran da ke kwance a lokaci ɗaya sun haura ɗari bakwai. Na'urorin da ke ba su iskar numfashi da kuran suke aiki. Firjin allurar rigakafi a ƙananan gidajen likita na ƙauye ma haka. Muddin layin da ke kawo wuta garin bai wadata ba, duk wanda zai rataya masa mota mai jan kilowat 11 dare guda ya kamata ya zo da faifansa na rana. Dokar da za ta tilasta wannan tun kafin motocin su yawaita ta fi sauƙin kafawa a kan wadda za a yi bayan sun cika gari.

A ɗaya gefen kuma, kowace litar fetur da ba a ƙona ba ta rage nauyi ne a kan matatar da ba ta ƙaru ba tun 2011. Bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar teku a Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ya fara fitar da ɗanyen mai a 2024, amma ɗanye ne, ba ya shiga tankin kowa. Saboda haka ƙasa tana da riba in wasu abubuwan hawa suka koma ga rana. Tambayar ita ce waɗanne.

Maƙwabta sun ba da misali. A Maiduguri, wani matashi mai suna Mustapha Gajibo ya fara da cire injin ƙananan motocin haya yana sa musu batiri, daga baya ya shiga ƙera nasa, kuma a ƙarshen 2023 gwamnatin jihar Borno ta zuba motocin haya masu lantarki a cikin birnin. A Sakkwato, an buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan jihar wanda ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, yake shugabancin hukumar kula da ƙera motoci ta Najeriya. Duk waɗannan a cikin gari suke, tafiya gajera, mota marar nauyi, wurin kwana sananne. Kabu-kabun Magarya da ke kai fasinja tasha da kasuwa, da babur mai ƙafa uku da ke ɗaukar rake da rogo, batirinsu ƙarami ne ƙwarai in aka gwada da na babbar mota, kuma faifai kaɗan sun isa su cika shi. Su ne kuma suka fi jin jiki da ruwa-ruwa ya yi tsada.

Tsakanin biyun akwai mota mai haɗin gambiza, wadda ke da injin fetur da ƙaramin batiri da ke cika kansa yayin tafiya. Toyota ta fara sayar da irinta tun 1997 da Prius, kuma a 2024 ta kai fasahar ga babbar Lexus LX 700h. Ba ta neman kafar wuta, tana rage shan mai a cikin gari, a cikin rairayi kuwa ragin kaɗan ne. Wasu irinta ana iya sa su caji su yi ƴan kilomitoci da kuran kaɗai, in ya ƙare inji ya karɓa. Laifinta shi ne ta haɗa wahalar gyaran iri biyu a jiki ɗaya.

Perefen da zai zagaya ƙauyukan Guci da Malawa da damina, da motar asibitin da za ta ɗauko mai naƙuda da tsakar dare, da Alhajin da ke kwana yau a kasuwar dabbobi ta Maigatari gobe a Yamai, duk har yanzu mai shan mai ce tasu, kuma in don aiki ne, Land Cruiser ƙirar 70 ko Hilux ta fi ta alfarma dacewa da rairayi da kuma baitulmali. Mai gida biyu da mota biyu, wanda zirga-zirgarsa ba ta wuce kwaltar Magarya zuwa Damagaram ba, kuma yana da rufin da zai ɗauki faifai, shi zai iya gwada ta kuran, ya je ya komo da caji ɗaya har da saura. Kafin ya biya kuɗi dai, ya nemi sanin garin da makanikinta mafi kusa yake zaune, da kwana nawa kayan gyaranta ke yi a hanya kafin su iso Damagaram.